Jan tirelar kwana daga Merilan zuwa Kalifoniya ta ƙananan garuruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Merilan ta Amurka. Na sayi tirelar kwana ta hannu, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, tsawonta ƙafa 24. Ina so in ja ta da jif ɗina, ni da mai ɗakina da yara uku, mu ratsa ƙasar har Kalifoniya, amma ta ƙananan garuruwa muke son bi. Hutuna mako uku ne, zuwa da dawowa, a watan Yuli, kuma ban taɓa jan komai da mota ba. Zai yiwu? Wace hanya zan bi? Sannan mu baƙaƙe ne Musulmi, mai ɗakina tana sa hijabi. Akwai abin tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa rai aka yi wa, ya kuma tsare hanya. Na yi shekaru ina tuƙa babbar motar kaya a ƙasar nan kafin in ajiye, daga baya ni da iyalina muka sayi tamu tirelar, mun ja ta har bakin tekun yamma mun dawo. Zan gaya maka abin da na sani, har da wanda ba zai yi maka daɗin ji ba.

Tafiyar za ta yiwu, amma mako uku ba zai ɗauke ta ba. Daga bakin tekun gabas zuwa Sakaramento, babban birnin Kalifoniya, mil 3,000 ne da 'yan kai, kusan kilomita 4,900, zuwa da dawowa mil 6,000 ke nan. Taswirar waya za ta ce maka awa 40 da wani abu, sai mutum ya raba gida biyar ya ce ai kwana biyar ne. Wannan lissafin mai ƙaramar mota ne a babbar hanya. Mai jan tirela a hanyar ƙauye, in ka haɗa da shan mai, da salla, da uzurin yara, da rage gudu a bakin kowane gari, da wuya ya ci mil 45 a awa. Mil 250 a yini ya ishe ka, kuma shi ma kusan awa shida ne a kan sitiyari. Kwana 12 ke nan na tuƙi zalla kafin ka isa, ba a sa ranar hutu ko ɗaya ba. In ka matse komai cikin kwana 21, garuruwan da ka fito dominsu ta gilashi kawai za ka gan su, ka dawo gida da ciwon baya da yaran da ba sa son a sake ambatar tirela.

Shawarata, ko dai ka nemi mako biyar, ko kuma bana ka juya daga tsaunukan Kolorado, wato kusan kashi biyu cikin uku na hanyar, ka bar Nebada da Kalifoniya zuwa wata shekara. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro da zango suke lissafin tafiya, madugu ya san inda ayari zai kwana tun ba a ɗaura wa jaki kaya ba. Haka za ka yi. Ka tashi da hantsi, ka sauka kafin la'asar, kuma duk bayan kwana uku na tuƙi ka kwana biyu a wuri ɗaya.

Kafin maganar hanya, sai mun je sikeli, domin a nan yawancin sababbin masu tirela suke cutuwa. Lambar da ake talla da ita, wai motar nan tana jan laba 7,000, ba ita ce za ta fara tsayar da kai ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai wata 'yar takarda da aka liƙa, mai ruwan ɗorawa da fari, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. A jif da yawa lambar ba ta wuce laba 1,400 zuwa 1,600 ba. Sai ka je gefen hagu na tirelar ta gaba ka nemi lambar da ke kusa da haruffan GVWR, ita ce iyakar nauyinta idan an cika ta. Kada ka yi lissafi da nauyin da mai sayarwa ya faɗa maka, shi na tirela ne babu komai a cikinta.

Tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsaye ba, wuyanta yana danne bayan motarka, kuma dole nauyin wuyan ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta duka, in ba haka ba za ta riƙa lilo. Mu ƙaddara taka ta kai laba 6,000 da kaya. Wuyanta zai yi kimanin 780. Ƙarfen maɗaurin kansa kusan 90. In takardar ƙofarka ta ce 1,400, saura 530, wato kilo 240. A cikin wannan za ka sa kanka, da mai ɗakinka, da yara uku, da jakunkuna, da kular ƙanƙara. Ka ga an cika tun ba a ɗauko buhun shinkafa ba. Ruwa ma nauyi ne, galan ɗaya ya fi laba 8, tankin galan 40 ya haura laba 330. Wanda ya sayar mini da tirelata ta farko har rantsuwa ya yi cewa motata za ta ja ta ba tare da ta ji ba. Jan ta ja, amma bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya zama sakayau a hannuna, kuma sai da na hau sikeli na ga na wuce ƙa'ida da ɗaruruwan laba, da 'ya'yana a ciki. Manyan gidajen man da direbobin manyan motoci suke tsayawa suna da sikeli, kuɗin kaɗan ne. Ka loda komai kamar ranar tafiya, iyali su shiga, ka auna da tirela, ka kwance ta ka sake aunawa. In lambobin sun ƙi, ka rage kaya ko ka canja mota. Babu dabarar tuƙin da take gyara nauyin da ya wuce kima.

Abubuwa biyu ba a tafiya sai da su. Na farko maɗauri mai sanduna biyu da yake mayar da wani ɓangare na nauyin wuyan zuwa tayoyin gaba, wanda kuma yake rage lilo. Na biyu na'urar burkin tirela da ake ɗaurawa kusa da sitiyari, mai ɗan maɓallin da za ka iya matsawa da hannu. Ka san inda maɓallin nan yake ko da idonka a rufe. Ranar da babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo daga gefe tirela ta fara lilo, ƙafarka za ta so ta taka burkin mota, hannunka zai so ya murɗa sitiyari ya gyara. Duka biyun ƙara wa abin ƙarfi suke yi. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa burkin tirelar ita kaɗai, za ka ji ta ja motar baya ta miƙe. Kaya masu nauyi kuma a ƙasa, a gaban tayoyin tirela, kada ka jibge su a can ƙarshen baya.

Tun da ta hannu ka saya, tayoyinta nake ji. Tayar tirela tsufa ne yake kashe ta, za ka ga zanenta kamar sabo alhali cikinta ya gama. A jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In ta haura shekara biyar ko shida ka canja, har da safaya. Da yawansu an yi su ne kada a wuce mil 65 a awa, ni a 60 nake tsayawa, kuma a Kalifoniya doka ta ƙayyade wa duk mai jan tirela mil 55. Ka sa makanike ya buɗe boris ya sa sabon giris. Kullum da safe ka auna iska tun taya tana sanyi, duk inda ka tsaya kuma ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowane wil. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi yana gaya maka magana. Ribas kuwa sai da koyo. Ka nemi filin da babu kowa ranar Lahadi, ka sa hannunka a ƙasan sitiyari, duk inda hannun ya nufa nan bayan tirela zai nufa. Mai ɗakinka ta tsaya inda kake ganinta a madubi, ku shirya alamun hannu tun a gida, in ka daina ganinta ka tsaya cak.

Hanyar da nake so maka ita ce mai lamba 50. A jiharku ta faro, daga Ocean City, ta ƙare a Sakaramento ta Yamma, kuma a bakinta akwai allo da aka rubuta mil 3073. Sai dai kada ka bi ta ido rufe. Gadar Chesapeake ta fi mil 4, kuma in iska ta yi ƙarfi ana hana masu tirela hawa. Hanyoyin ƙarƙashin ruwa na Baltimo an hana shiga da irin tukunyar gas ɗin da ke wuyan tirelarka. Cikin birnin Washinton ma ba wurin koyon ja ba ne, ka zagaye shi. Sannan ɓangaren Bajiniya ta Yamma, daga Romney zuwa Grafton, kwana ne a kan kwana, da hawa da gangara masu tsanani a siririyar kwalta. Kyakkyawan wuri ne, amma ba zan tura wanda ya fara ja jiya can ba. Ka bi babbar hanyar I-68 zuwa Morgantown, ka gangara I-79 zuwa Clarksburg, daga nan ka koma kan 50, ta zama tagwaye har Parkersburg.

Ohayo, Indiyana, Ilinoi da Mizuri ba za su wahalar da kai ba: gonakin masara da waken suya, da garuruwa masu kotu a tsakiyar dandali. Vincennes Faransawa ne suka kafa ta a 1732, ita ce gari mafi tsufa a Indiyana. A Olney yara za su ga fararen kurege a lambun gari. Cincinnati, St. Louis da Kansas City kuwa ka ratsa su da tsakar rana, ba lokacin tashi daga aiki ba.

Kansas mutane suke raina wa, su ce babu abin gani, ni kuwa a nan na fi son in rage gudu. Bayan Emporia za ka shiga tuddan ciyawa, kusa da Strong City akwai gandun da aka keɓe na irin doguwar ciyawar da a da ta rufe tsakiyar nahiyar, yanzu ɗan kaɗan ya rage. Ka ɗan ratse zuwa Cottonwood Falls ka ga kotun dutse ta 1873 tsaye a ƙarshen titin gari. A Hutchinson ana sauka da baƙi ƙafa 650 ƙarƙashin ƙasa cikin ramin haƙar gishiri. A Kinsley akwai allon da ya ce mil 1,561 zuwa Niyok, mil 1,561 zuwa San Faransisko. Daga nan kowane gari tun daga nesa za ka hango shi, farin rumbun hatsi mai tsawon bene goma da tankin ruwa, kafin ka ga gida ko ɗaya. Waɗannan garuruwan da wuri suke rufewa, ranar Lahadi kuwa wasu ko shago ɗaya ba za ka samu a buɗe ba. In kana son ganin mutanensu, ka je gidan shayin gari da sassafe lokacin da manoma suke zaune, ko wurin ninƙayar yara na hukuma da rana, ko laburare, inda za ka sami intanet kyauta da sanyi. Kada ka shiga babban titi da tirela kana neman wurin tsayawa, motoci a karkace ake ajiye su a can. Ka ajiye a titin baya ku taka da ƙafa.

Iskar yammacin Kansas ba wasa ba ce, Dodge City tana cikin garuruwan da suka fi iska a Amurka, kuma yawanci daga kudu take bugowa, wato daidai gefen tirelarka. Da safe ta fi sauƙi. A Yuli zafi yakan haura digiri 38, da yamma kuma hadari yakan haɗu da ƙanƙara. Duk inda ka sauka ka tambayi inda maɓoyar guguwa take. In aka busa jiniya, ku bar tirela ku shiga ginin siminti. Kafin Syracuse agogo zai koma baya da awa ɗaya, ka lura da lokutan salla.

Gabashin Kolorado shimfiɗe yake kamar Kansas, kana bin kogin Arkansas da tsohuwar hanyar fataken Santa Fe. Kusa da La Junta akwai Bent's Old Fort, sansanin ciniki da aka gina a 1833, aka sake gina shi a 1976. Da tubalin ƙasa aka yi shi, da soro da tsakar gida, in ka shiga sai ka ga kamar wani tsohon gida a cikin birnin Kano. Ka kai yara su ga cewa ginin ƙasa ba namu kaɗai ba ne. Bayan Pueblo da Cañon City hanya ta shige kwazazzabon kogi har Salida, daga nan sai mashigar tsaunin Monarch, ƙafa 11,312 sama da teku, mita 3,448, inda ruwan sama yake rabuwa, wani ya nufi tekun gabas wani na yamma. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, a can sama kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kada ka ji kunyar hawa da mil 30 a awa, idonka a kan gejin zafi, in motoci sun taru a bayanka ka ratse su wuce.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Ka sa ƙaramar giya tun kana bisa, kafin gudu ya taru, inji ya riƙe ka. In gudu ya ƙaru ka taka burki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu ka rage mil 10, ka saki ya huce. Wanda ya ɗora ƙafa a kan burki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa zai ji ƙauri, ya taka ya ji babu komai. Ka ƙetare da safe, domin hadarin tsaunuka da rana yake haɗuwa, kuma ka zubar da ruwan tankuna kafin ka hau. Gunnison sanyi gare ta da dare ko a Yuli, a fito da barguna. Kusa da Montrose akwai baƙin kwazazzabon kogin Gunnison, amma hanyar da take gangarawa ƙasansa an hana duk abin da ya fi ƙafa 22, ka kwance tirela a masauki ku je da mota. In mako uku ne a hannunka, a nan za ka juya.

In kuwa ka sami lokacin wucewa, daga Yuta lissafin mai ya zama wajibi. Motar da take yin mil 20 a galan, da tirela za ta koma wajen 10, wato galan 300 kafin ka kai Kalifoniya. Tankin galan 25 ka ɗauke shi a matsayin mil 180, saura na iska ne da hawa. Daga Green River zuwa Salina fiye da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya. Daga Delta zuwa iyakar Nebada fiye da mil 80, haka. Ely zuwa Eureka mil 77, Eureka zuwa Austin kimanin 70, Austin zuwa Fallon kimanin 110. Dokata a nan, ba na wuce gidan mai in tankina ya sauka ƙasa da kashi uku cikin huɗu, kuma kafin in shiga sai na ga ta inda zan fita, domin ƙananan gidajen man ƙauye ba don masu tirela aka gina su ba. Ka riƙe ruwan sha mai yawa, ka sauke taswira a waya tun kana da sabis.

A 1986 mujallar Life ta kira wannan yanki hanyar da ta fi kowace kaɗaici a Amurka. Mutanen Nebada suka karɓi sunan suka sa a alluna, har suka yi ɗan littafin da ake buga wa hatimi a kowane gari, yara suna son sa ƙwarai. Tsaunukan jihar a jere suke daga arewa zuwa kudu, kai kuma yamma ka nufa, sai ka hau tsauni, ka gangara kwari mai faɗi, ka miƙe mil 20 kana kallon na gaba, ka sake hawa, fiye da sau goma. Gangaren shiga Austin yana da kwanoni masu tsanani, a bi shi da ƙaramar giya. Kusa da Baker akwai gandun Great Basin, da kogon Lehman, da itatuwan da wasunsu sun haura shekara 4,000 a raye, amma hanyar hawa wurinsu an taƙaita ta ga dogayen motoci, a nan ma tirela a ƙasa za ta jira. Ely tana da tsohon jirgin ƙasa mai tururi da har yanzu yake ɗaukar baƙi. Eureka garin haƙar azurfa da dalma ne da ya taɓa cika da dubban mutane, yau 'yan ɗaruruwa ne, amma gidan wasanta na 1880 yana nan. Kada ka yi tuƙin dare a nan. Shanu sake suke babu shinge, baƙar saniya a baƙar kwalta sai ka zo kanta za ka gan ta. Ka sauka da wuri, bayan isha'i ku kashe fitila ku fito waje. Tun da na bar ƙauyenmu ban ga taurari irin na daren Nebada ba.

Daga Carson City za ka hau zuwa tafkin Tahoe. A Meyers akwai shingen jami'an noma na Kalifoniya, za su tambaye ka 'ya'yan itace da itacen wuta. Bayan Echo Summit doguwar gangara ce har Placerville, a yi mata abin da aka yi wa Monarch.

Wurin kwana ba zai gagare ka ba. Ƙananan garuruwa da yawa a Kansas da maƙwabtanta suna da 'yan wurare a lambun gari ko filin baje kolin gunduma, da lantarki da famfo, a kuɗi kaɗan, wani wurin ma akwati ne kawai za ka jefa kuɗin. Ka kira ofishin gari da rana ka tambaya. Gandayen jiha da na tarayya a Yuli sai an kama wuri tun da watanni, musamman Kolorado da Tahoe. A yamma kuma akwai filayen BLM, hukumar da take kula da filayen gwamnatin tarayya, da ake sauka kyauta har kwana 14, babu ruwa babu wuta, amma kada ka shiga hanyar ƙasa da tirela sai ka taka ta da ƙafa ka ga inda za ka juya. Tankunan ƙazanta biyu ne, na wanke-wanke da na bayi. Mu da muke tsarki da ruwa namu na bayi yana saurin cika, amma ruwan alheri ne gare shi, bushewa ce take toshe shi. Kada ka bar bakinsa a buɗe ko da ka jona da magudana, sai ya kusa cika ka sake shi, sannan ka bi da na wanke-wanke ya ɗauraye tiyo. Alwala a yi ta a waje da buta. Gawayi ko janareto kuwa kada su kusanci cikin ɗaki, ka kuma tabbata na'urar da take kuka in hayaƙi mai guba ya taru tana aiki.

Tambayarka ta ƙarshe ba zan share ta ba. Tsoron yana da asali. A da akwai garuruwa da yawa a ƙasar nan da baƙar fata bai isa rana ta faɗi yana cikinsu ba, har wani ma'aikacin gidan waya mazaunin Niyok, Victor Green, ya fara buga littafi a 1936 yana jera wuraren da baƙi matafiyi zai ci ya kwana lafiya. Dokar 1964 ta haramta wariyar, amma ba ta wanke kowace zuciya ba. A 2016 an kama mutum uku da suka shirya tayar da bam a gidajen da Somaliyawa suke zaune da masallacinsu a Garden City, a kan wannan hanyar taka, aka kuma yanke musu hukunci. A garin nan dai mutane da yawa suka fito suka tsaya wa maƙwabtansu, kuma mahautan Garden City da Dodge City sun tara ma'aikata daga ƙasashe da dama, hijabi ba baƙon abu ba ne a can. Abin da ni na gani a tafiye-tafiyena, kallo ya fi yawa, sai tambaya, sai taimako. Sau ɗaya a wani gidan abinci aka bar mu zaune ba wanda ya zo, muka tashi muka tafi ba mu ce uffan ba. Sau da yawa kuma wani dattijo ne zai taso daga tirelarsa ya taya ni ribas. Ka isa da rana, ka fara gaisuwa, ka faɗi inda ka fito da inda za ka. In zuciyarka ko ta mai ɗakinka ba ta kwanta da wuri ba, ku wuce, ba sai kun nemi hujja ba. In ɗan sanda ya tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, takardun mota da na tirela da inshora a wuri ɗaya, ka faɗa masa kafin ka miƙa hannu ɗauko su.

Nama ku saya na halal tun a Merilan ku daskarar, ku ƙara a St. Louis ko Kansas City ko shagunan Somaliyawan Garden City. A gidajen abincin ƙauye ku riƙa tambaya, domin naman alade yana ɓuya a wake da miya da kaskon suyar ƙwai. Garin tuwo, kuka, daddawa da yaji ba su da nauyi, kuma ranar da yara suka gaji da burodi za ka gode musu. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, kuma kana matsawa yamma tana ƙara karkata arewa, har a Kalifoniya ta kusa zama arewa sosai. Kuna da sauƙin ƙasaru, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu. Juma'a kuwa ka tsara ta faɗo maka a babban gari.

Kafin duk wannan, ka kama wuri na kwana biyu a Assateague, kusa da Ocean City, inda dawakan daji suke yawo a bakin teku. Ku je da cikakken kaya kamar ranar tafiya, ku kunna komai, firji, murhu, famfo, fitilu, ku rubuta abin da ya ƙi da abin da kuka ɗauko ba ku taɓa ba. A hanyar dawowa ka hau sikeli. Ka turo mini lambar takardar ƙofar motarka, da ta jikin tirela, da abin da sikeli ya nuna a kan tayoyin baya, da lambobi huɗun da ke jikin tayoyin, in duba maka kafin ka kama wurin kwana ko ɗaya a Kolorado. Ka gaida mini iyali.